Shekaru Ukun da Na Rage wa Ɗana

Zuwa ga Hajiya Ummussalma, mai kula da filin shawarwari kan lafiyar iyali.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da masu karatu, ina roƙon ki taimake ni da shawara a kan wani al'amari da na ƙulla da hannuna, yanzu kuma na rasa ta inda zan kwance shi. Ni tsohon malamin makaranta ne. Na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa a ƙauyukan ƙasar Gwaram, goma sha huɗu daga ciki ina hedimasta. Na yi ritaya, ina zaune a ƙauyenmu kusa da Dingaya, ina ɗan noman gero da dawa. 'Ya'yana bakwai ne, maganar kuma a kan autansu ce, wanda zan kira Hadi a nan, ko da yake ba sunansa ke nan ba. A taƙaice, shekarunsa goma sha shida, jikinsa kamar na ɗan shekara goma sha ɗaya, takardunsa kuma sun ce goma sha uku. Ni ne na sa takardun suka faɗi haka.

Ki yi haƙuri in fara daga nesa. Ina da wata al'ada tun ina saurayin malami. Duk ranar ƙaramar Sallah, bayan an sauko daga idi, nakan tsayar da yarana ɗaya bayan ɗaya a jikin bangon zaure, in ɗora rula a kansu, in ja layi da ƙusa, in rubuta suna da kwanan wata a gefe. Bangon na siminti ne, layukan duk suna nan. Na yayyensa shida sun hau kamar matakala. Na Hadi ma haka suka fara, har ya kai shekara tara. Daga nan sai suka fara matsewa. Wata shekarar faɗin yatsa ɗaya ne tsakani, wata shekarar ma da ƙyar nake samun wurin rubuta kwanan wata ba tare da na hau kan na bara ba.

Da farko ban damu ba. Mahaifiyarsa ba doguwa ba ce, kuma auta akan shagwaɓa shi, ya ƙi cin abinci. Amma da ya kai aji shida na firamare sai abin ya fito fili. Sa'o'insa suka wuce shi da kai guda. Suka laƙa masa suna, wanda ba zan rubuta ba. Wata rana na leƙa ta tagar ofis na ga an ɗora shi a kan katanga an bar shi, ana jira a ga yadda zai sauko. Ni ne hedimasta, na hukunta waɗanda suka yi, amma na san ba zan bi shi sakandare da bulala ba.

Sai na yi dabarar da na ga mutane da yawa suna yi saboda neman aiki, ni kuma na yi ta saboda tausayi. Na je kotu na yi takardar rantsuwar shekaru, na rage masa uku. Na kai shi Birnin Kudu gidan babban yayansa Ismail, inda ba a san shi ba, aka sa shi aji huɗu na firamare. Na zaunar da shi na ce daga yau idan an tambaye ka, shekarunka tara. Na sa ya maimaita sau uku, kamar yadda nake sa yara su maimaita karatu. A tunanina zan saya masa lokaci ne, jikinsa ya kamo, kowa ya manta. Yau shekara huɗu ke nan. Yana aji biyu na ƙaramar sakandare, kuma ko a cikin 'yan shekara goma sha ukun da na haɗa shi da su, shi ne na biyu a gajarta.

Muryarsa ba ta buɗe ba. Babu gashi a inda ya kamata ya fara fitowa, a cewar Ismail. Yana yawan jin sanyi, har a bazara zai ɗauko rigar sanyi. Fatarsa a bushe take ko an shafa mai, bayan gida yana yi masa wuya, kuma yana da kasala da yawan barci, alhali da can yaro ne mai kazar-kazar. Mahaifiyarsa ta nemo saiwoyi da rubutu, ban hana ba, ba mu ga canji ba. Ismail ya ce wani mai kemis ya gaya masa akwai allurar da ake yi wa yaro ya balaga cikin wata biyu, shi dai yana jiran izinina ne. Ban ba shi ba, ban kuma hana shi da ƙarfi ba, don ba ni da wani abin da zan ba shi a madadi.

Halinsa kuma ya canza. Ba ya wasa da 'yan ajinsu, yana cewa maganganunsu na yara ne. Manya kuma ba sa zama da shi, suna aikensa sayen ruwa. Ga saurin fushi. A zangon da ya wuce ya fasa wa wani ɗan ajinsu leɓe saboda ya dafa kansa ya kira shi ƙanena. Idan ya zo hutu ƙauye ba ya fita ƙofar gida, domin a nan kowa ya san shekarar haihuwarsa. Rana ɗaya aka yi sunansa da ɗan maƙwabcina Abdulsalami, tare aka yi musu kaciya. Abdulsalami yanzu yana hayar babur, gashin baki ya fara tsiro masa. Kwanan baya ya sauke fasinja a ƙofar makarantar su Hadi, ya hango shi, cikin murna ya ɗaga murya: “Sa'ana, kai ne a nan? Wallahi rana ɗaya aka yanka mana rago da wannan mutumin.” Yara suka fashe da dariya, sun ɗauka zolaya ce. Hadi ya ce bai san shi ba, ya wuce. Tun daga ranar sai ya yi shiri da safe ya fita, ya je ya zauna a bayan wani kango har a tashi. Da Sallar bana kuma na kira shi bango, ya ce ba zai tsaya ba. Wannan ne karo na farko da ɗana ya ce mini a'a.

Shi ya sa na kai shi asibiti watan jiya, kuma a nan ne na ƙarasa ɗaure kaina. Likitan da muka samu ɗalibina ne, na koyar da shi a aji uku. Yana ganina ya taso daga kujerarsa ya durƙusa, ya gaya wa ma'aikaciyar jinya cewa wannan shi ne Malam da ya koya masa rubuta kwanan wata, kuma ya taɓa zane shi saboda ƙarya. Muka yi dariya. Ya auna tsawon Hadi da nauyinsa, ya duba katin da aka buɗe da takardar kotu, sannan ya tambaye shi shekarunsa. Hadi ya waiwayo ya dube ni. Ni kuma na dubi ƙasa. Ya ce goma sha uku.

Likita ya ce lallai yana da gajarta, amma ɗan shekara goma sha uku da bai fara balaga ba bai makara ba tukuna. Ya rubuta maganin tsutsar ciki, ya ce a inganta abinci, a dawo bayan wata shida a sake awo. Ya tambayi ko akwai wani abu kuma, na ce babu, domin so nake kawai mu fita. Ba laifinsa ba ne, abin da muka ba shi ya yi aiki da shi. Muna tsaye a tasha muna jiran mota, Hadi ya ce da ni a hankali, “Baba, na faɗa daidai ko?” Na ce eh. Tun ranar wannan tambaya ba ta bar ni ba, ko a cikin salla.

Ga inda na maƙale, Hajiya. Idan na koma na faɗi gaskiya, zan tsaya gaban ɗalibina in ce na yi rantsuwar ƙarya. Ina tsoron maganar ta fita daga asibiti ta kai makaranta, a ce takardunsa na bogi ne, ga jarrabawar aji uku tana tafe baɗi. Ina tsoron 'yan ajinsu su ji, abin da na gudar masa ya dawo ninki biyu. Ba zan ɓoye miki ba, ina kuma tsoron mutuncina. A ƙauyenmu ni ake kira in yi shaida idan an yi rigimar iyakar gona, saboda an ce Malam ba ya ƙarya. Idan kuma na yi shiru na jira wata shida, zuciyata tana gaya mini akwai abin da yake wucewa wanda ba zai dawo ba. Mahaifiyarsa tun farko ba ta so dabarar ba. Ta ce ita dai ta san daminar da ta haihu.

Shin jiran zai cutar da shi? Shin akwai yadda za a duba shi daidai ba tare da na tona kaina ba? Kuma wannan fushi nasa, rashin tarbiyya ne ko ciwo? Ina roƙon duk wanda ya gane ni daga wannan wasiƙa ya rufa mini asiri saboda yaron.

Naki cikin girmamawa,
Tsohon Hedimasta, ƙasar Gwaram.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Na karanta wasiƙarka sau biyu. Zan amsa tambayoyinka a jere yadda ka yi su, da abin da na koya a shekarun da na yi ina aikin jinya kafin in ajiye. Ka sani ban ga yaron ba, don haka ba zan sa wa ciwonsa suna daga nan ba.

Jiran zai iya cutar da shi, kuma ga dalili. A jikin mutum akwai wasu ƙananan sassa waɗanda aikinsu shi ne zuba sinadarai cikin jini, likitoci suna kiran sinadaran homon. Su ne saƙonnin da suke gaya wa ƙashi ya miƙe, murya ta buɗe, jiki ya yi ɗumi. Babban cikinsu yana ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, bai wuce ƙwayar wake ba. Ka ɗauke shi kamar ofishinka na da: daga nan ake kaɗa ƙararrawa, sauran su kama aiki. Akwai wani a gaban wuya, wanda idan ya kumbura muke cewa maƙoƙo, shi ne yake tsara saurin aikin jiki duka. A wurin namiji kuma maraina ne suke amsa ƙararrawar balaga. Yawancin yara maza takan kaɗa musu tsakanin shekara tara da goma sha huɗu. Shi ya sa ɗalibinka ya ce a jira, kuma daidai ya faɗa ga ɗan goma sha uku. Ga ɗan goma sha shida wanda tsawonsa ya fara tsayawa tun yana tara, babu likitan da zai ce a jira. Ranar zai tura ku gwaji.

Wani jinkirin na gado ne, yakan warware da kansa. Wani kuma daga doguwar cuta ne, kamar sikila ko ciwon ƙoda, ko ƙarancin abinci. Wani daga waɗannan sassa ne da na ambata. Jin sanyi, bushewar fata, wahalar bayan gida da kasalar da ka lissafa suna cikin abubuwan da suke sa a duba na wuyan nan, kuma idan shi ne, sau da yawa maganinsa ƙwaya ɗaya ce ƙarama a kullum. Gwajin jini ne zai nuna, tare da hoton ƙashin hannu. A ƙarshen dogayen ƙasusuwa akwai wuri mai taushi inda tsawo yake ƙaruwa, kuma idan ya rufe, ya rufe ke nan. Duk yadda aka fara magani da wuri, haka yaro yake samun damar rama abin da ya rasa. Abin da zuciyarka take gaya maka gaskiya ne.

Saboda wannan dalili ne nake so ka kira Ismail yau ka hana shi da babbar murya. Allurar kemis za ta iya fito masa da gashi da murya, ta kuma rufe masa ƙashi kafin lokaci, ya tsaya a inda yake har abada, ga ainihin ciwon ba a gano ba. Idan kuma yana yawan ciwon kai, ko ganinsa ya ragu, ko yana shan ruwa da fitsari fiye da kima, kada ku kwana, ku tafi asibiti.

Tambayarka ta biyu, amsarta a'a ce. Duk awon da za a yi masa, da shekarunsa ake gwada shi. Za ka iya zuwa wurin wani likitan da bai san ka ba, a Kano ko Dutse, wannan haƙƙinka ne. Amma ni da zan zaɓa maka, wurin ɗalibinka zan mayar da kai. Ya riga ya auna yaron, kuma mutumin da ya durƙusa maka a gaban ma'aikatansa zai tsaya a kan ɗanka fiye da baƙo. Abin da aka faɗa a ɗakin likita amana ce, ba ya bin yaro makaranta. Kuma ka yarda da ni, ba kai ne na farko da zai ce masa shekarun takarda daban, na gaskiya daban ba. Mu a asibiti mun saba tambayar uwa wace damina ta haihu.

Ban raina tsoronka ba. Ka ga ɗanka a kan katanga, ka nemi hanyar sauko da shi, kuma wanda bai taɓa ganin haka ba kada ya yi saurin zarginka. Takardun makaranta ma matsala ce ta gaske. Amma ba su da gaggawa irin ta ƙashi. Ka fara da asibiti. Bayan an gano abin da ake ciki, ka nemi lauya ko magatakardan kotu ya nuna maka yadda ake gyara irin wannan takarda, ka kuma gana da shugaban makarantar kai da shi kaɗai. Maganar rantsuwa ba fannina ba ce, ka tambayi malamin da ka amince da shi abin da ya hau kanka. Mutuncinka kuwa, ina ganin mutanen ƙauyenku sun daɗe da sanin ajin da Hadi yake, sun kuma iya lissafi, amma ba su daina kiranka shaida ba.

Fushinsa ba rashin tarbiyya ba ne. Ƙwaƙwalwar matashi ba ta jiran jikinsa ya gama shiri. Wani ɓangare na girmanta yana tafiya da homon, wani kuma da shekaru da abin da mutum ya gani. Sashen da yake jin kunya da son a girmama shi a cikin sa'o'insa yakan yi ƙarfi a irin shekarun nan, shi kuwa sashen gaban goshi, mai taka wa mutum burki, ba ya gama nuna sai an haura ashirin. Wannan haka yake ga kowane matashi mai lafiya. To, ka ƙara masa zama da waɗanda ya girma da shekara uku, da sirrin da aka ɗora masa tun yana goma sha biyu, da dole ya ce bai san abokin haihuwarsa ba. Zaman bayan kango ba lalaci ba ne, nan ne kaɗai ba a tambayarsa shekarunsa. Ka kula da shi sosai. Idan ya fara maganar ya gaji da rayuwa, ka gaya wa likita nan take.

Ga abin da nake so ka yi a wannan mako. Ka ari tef ɗin tela, ka auna kowane layi na Hadi a bangon zaure daga ƙasa, ka rubuta tare da kwanan watansa, ka sa a ɗauki hoton bangon da waya. Ba ka san darajar abin da ka tara ba. Iyaye ƙalilan ne suke zuwa da awon shekara da shekaru, kuma da shi likita zai ga daidai lokacin da girman ya tsaya. Ka tafi da mahaifiyarsa idan da hali, ta fi ku sanin cinsa da barcinsa, kuma lokaci ya yi da za a saurare ta. Kafin ku tafi, ka zaunar da Hadi a inda ka zaunar da shi shekara huɗu da suka wuce. Ka ce masa kai ne ka yi kuskure, ba shi ba, kuma ka janye umarnin. Ka tambaye shi wa yake so ya sani, wa kuma ba ya so, domin ɗan shekara goma sha shida ana shawara da shi. Ba zan yi maka alkawarin zai kamo yayyensa a tsawo ba, wannan sai abin da gwaji ya nuna da abin da Allah ya ƙaddara.

A ƙarshe ina neman haɗin kan kowa da kowa cikin girmamawa. Ismail ya bar maganar allura. Malaman makaranta, idan irin wannan magana ta zo muku, ku riƙe ta a ofis. Masu karatu da suka yi hasashen ko wane ne, ku amsa roƙon dattijon nan, ku kame bakinku. Iyayen da suka rage wa 'ya'yansu shekaru saboda kowane dalili, ku faɗa wa likita na gaskiya.

Kai kuma Malam, idan kun shiga ɗakin, ka fara magana kafin a buɗe kati. Sannan idan likita ya juya ya tambayi Hadi shekarunsa, zai waiwayo ya dube ka kamar wancan karon. Kada ka dubi ƙasa. Ka bar shi ya ce goma sha shida da bakinsa, idan kun fito tasha kuma kada ka jira ya tambaye ka, ka ce masa ya faɗa daidai.

Allah ya ba shi lafiya, ya sauƙaƙa muku, ya kuma nuna maka ranar da zai tsaya a jikin bangon nan da kansa.

Hajiya Ummussalma